Kuɗin Fasahar Tsaro: Ina Rabon Ƙaura, Shinkafi da Zurmi?

A ƙarshen watan Agustan 2024, damina ta kankama, motocin soja masu sulke guda biyu suka kafe a laka kusa da ƙauyen Kwashabawa a ƙaramar hukumar Zurmi. Dakarun sun yi iya yinsu su ciro su, abin ya ci tura. Hedikwatar Tsaro ta bayyana daga baya cewa sojojin sun kashe motocin yadda ba za su moru ba kafin su janye. Ba a jima ba sai ga bidiyon jagoran 'yan bindiga Bello Turji da yaransa sun kewaye motocin suna sowa, daga ƙarshe suka banka musu wuta. Duk mai riƙe da babbar waya a Arewa ya kalli wannan bidiyo, kuma cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya umarci ƙaramin ministan tsaro da manyan hafsoshin soja su tare a Sakkwato.

An yi ta surutu a lokacin kan abin kunyar, amma ba kowa ya tsaya ya dubi motar kanta ba. Irin wannan mota an tsara ta ne don ta kare na cikinta daga nakiyar da ake binnewa a hanya, kuma Amurka ta ƙera dubbanta tun daga 2007 saboda yaƙin Iraƙi. Ƙarfen cikinta mai kauri ne, nauyinta ya haura tan goma. A kan kwalta ko busasshiyar ƙasa tana ceton rai, babu mai musu. Fadamun gulbin Bunsuru da na Gagare a watan Agusta kuwa ba ruwansu da tsadar mota. Duk direban da ke lodin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya san inda ba a jefa mota mai nauyi idan ruwa ya sauka. Shi kuwa ɗan bindiga a kan babur yake da goyon biyu, idan sun iso rafi sai su sauka su ciccibi abinsu su tsallake.

Sojan da ke cikin motar ba shi da laifi, abin da aka ba shi ya hau. Laifin yana can sama, inda ake yanke shawarar abin da za a saya, da abin da za a sa injiniyoyi su bincika, da wanda za a tambaya kafin a fitar da kuɗi. Najeriya tana kashe maƙudan kuɗi a kan kayan yaƙi, tana kuma da hukumomin binciken tsaro ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai dai tambayoyin da ake miƙa wa masu binciken ba daga Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura Namoda suke fitowa ba. Muddin haka ta ɗore, za a yi ta baje kolin sababbin ƙere-ƙere a Abuja ana tafi, manomin Moriki kuma yana biyan ɓarayin daji haraji kafin ya shiga gonarsa.

A duba lissafin. A kasafin 2025 da Shugaba Bola Tinubu ya gabatar wa majalisa, an ware wa tsaro naira tiriliyan 4.91, sama da abin da ilimi ya samu, sama da na lafiya. Kaso mai yawa albashi ne da alawus, abin da ya rage kuma akasarinsa sayayya ce daga waje. Jiragen Super Tucano 12 daga Amurka sun ci kusan dala miliyan 500, rukunin farko ya iso a Yulin 2021. An sayo jirage marasa matuƙa daga Sin, waɗanda rundunar sojan sama ta ce a 2020 za ta girke a Katsina da Gombe da Gusau. An sayo masu saukar ungulu samfurin T129 daga Turkiyya, an yi odar M-346 guda 24 daga Italiya. Abin da ƙasar ke kashewa a kan bincike kuwa, na noma da na magani da na tsaro gaba ɗaya, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara ba, alhali ƙasashen Tarayyar Afirka sun ɗaukar wa kansu alkawarin kashi ɗaya cur.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, to a harkar makamai ko wanda ka biya kuɗinsa lakadan da sauran igiya a hannun mai shi. A 2014, Boko Haram na cin garuruwa a Borno da Adamawa, Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jiragen Cobra. Super Tucanon ma da sharaɗi ya zo. An shafe watanni ana ce-ce-ku-ce kan ko yarjejeniyar ta yarda a auna ɓarayin daji da shi, sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda a Nuwambar 2021, gwamnati ta buga hukuncin a jaridarta ta hukuma a Janairun 2022.

Abin takaicin shi ne asalin jirgin ƙirar Embraer ne, kamfanin Brazil da aka kafa a 1969. Masana'antar ƙera makamai ta Najeriya, DICON, da ke Kakuri a Kaduna, ta girme shi da shekara biyar. A 1964 aka kafa ta da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Ta yi aiki ba dare ba rana a lokacin yaƙin basasa, da yaƙin ya ƙare aka juya mata baya, ta koma yin kujeru da famfon burtsatse, har ta kai jama'a sun fi sanin sunanta a jikin buhun gishiri. An ɗan farfaɗo da ita daga baya: bindigar OBJ-006 a zamanin Obasanjo, motar Ezugwu mai sulke da Buhari ya ƙaddamar a Disambar 2019, sai sabuwar dokar da Tinubu ya sanya wa hannu a Nuwambar 2023, wadda ta ba ta damar haɗa gwiwa da 'yan kasuwa, ta kuma tanadi cibiyar bincike ta musamman. Dokar tana da kyau. Abin da ba ta faɗa ba shi ne wa zai riƙa ba cibiyar aikin yi.

Labarin jirgi maras matuƙi ya fi nuna inda gizo ke saƙar. Injiniyoyin sojan sama a Kaduna sun ƙera Gulma, Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da shi a Disambar 2013. Suka sake ƙera Tsaigumi tare da wani kamfanin Fotugal, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi a Fabrairun 2018. An yi jawabai, an ɗauki hotuna. Shekaru sun shuɗe ba a ji an ƙera shi da yawa ba, balle mutumin Dauran ko na Badarawa ya saba jin ƙararsa a kan dajin Dumburum ko na Sububu. Basira ba ta yi ƙaranci ba. Ciniki ne babu. Samfuri ɗaya ba ya zama masana'anta sai an sami mai saye da zai ce a kawo masa hamsin bana, hamsin baɗi, ya kuma biya a kan kari. A nan kuwa da zarar an gama bikin yanke ƙyalle, sai a yi wa hafsan da ya jagoranci aikin canjin wuri, sabon shugaba ya zo da nasa burin, kasafin shekara ya ƙare. Haka taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoto, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, da aka harba a Agustan 2011 da wa'adin shekara bakwai da biyar: sun daɗe da wuce wa'adinsu kafin a fara maganar maye gurbinsu da gaske.

To me aka gwada a Zamfara kanta? Babban matakin fasaha da jihar ta taɓa gani na kashewa ne. Ranar 3 ga Satumban 2021, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar. An haɗa da rufe kasuwannin mako, da hana sayar da fetur a jarka, da taƙaita zirga-zirgar babura da safarar shanu. Hujjar tana da ma'ana: a yanke tsakanin ɓarawo da infomansa na cikin gari, a hana cinikin kuɗin fansa. An ce mako biyu za a yi. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba.

Da farko matakin ya matse su, wannan gaskiya ne. Fetur ya yi wuya a daji, abinci ya yi wuya, wasu suka tsallaka gabashin Sakkwato, aka bi su can ma da rufe sabis. Amma a dubi wanda ya fi jin jiki. Ƙauyen da aka far wa cikin dare ba shi da hanyar kiran soja. Mai POS ya rufe shago. Mutane suka riƙa hawa mota har Funtuwa don kawai su buga waya ɗaya. Na kusa da iyaka, da mai gaskiya da ɓarawo, suka koma layukan Nijar, domin Zurmi tana maƙwabtaka da Nijar kuma igiyar sadarwa ba ta san shingen kwastan ba. Ana cikin rufewar aka kai hari sansanin jami'an tsaro a Mutumji aka kashe 12, ana cikinta aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ta jihar Sakkwato a watan Oktoba aka kashe mutane sama da arba'in. Sannan ga wata shaida daga su 'yan bindigar: da suka shiga garin Zurmi a Afrilun 2024 suka auka wa fadar sarki, sai da suka lalata ƙarfen sabis. Da waya su kaɗai take yi wa amfani, da ba su taɓa shi ba.

Haɗa layin waya da lambar NIN ma haka. Tun Disambar 2020 talakawa ke bin layi a rana, an toshe miliyoyin layuka, an ce daga yanzu duk wanda ya kira neman kuɗin fansa ya tona kansa. A Janairun 2024, Farfesa Isa Ali Pantami, ministan da ya kawo tsarin, da kansa ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan da aka tara. A garin Banga na ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, an kwashi mutane sama da hamsin a farkon 2025, aka yi watanni ana cinikin fansa, aka biya, sannan a watan Yuli labari ya zo cewa an kashe aƙalla 35 daga cikinsu. Cinikin fansa kuwa kowa ya san ta waya ake yin sa.

A Satumban 2025 Gwamna Dauda Lawal ya faɗi wata magana da ta zagaye ƙasa. Ya ce a wayarsa yana iya nuna inda manyan 'yan bindigar suke, amma ba shi da ikon ba jami'an tsaro umarni, sai abin da Abuja ta ce. Wasu sun ɗauki maganar siyasa ce, mai yiwuwa akwai siyasar a ciki. Duk da haka ta taɓo ainihin ciwon. Sanin inda ɓarawo yake ba shi ne ya gagara ba. Yaron da ke kiwon awaki a bayan Kurya ma ya sani. Abin da ya gagara shi ne labarin ya tashi daga bakin wanda ya gani, ya isa kunnen mai ikon ba da umarni, a tantance shi, dakaru su iso kafin a gama kora mutane cikin daji. A wannan tazarar ake mutuwa, kuma a cikinta ya kamata a zuba kuɗin bincike.

Tantancewar ita ce ta fi zafi. A watan Janairun 2025, a wani farmaki ta sama a ƙananan hukumomin Zurmi da Maradun, bam ya sauka a Tungar Kara ya kashe aƙalla mutum 16, cikinsu har da askarawa da 'yan sa-kai da suka fito tunkarar maharan. Kafin nan an yi Tudun Biri a jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamban 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya kashe aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi. Daga sama, askari da ɗan bindiga kamarsu ɗaya: babur, goyo, bindiga a kafaɗa, ƙura a baya. Matuƙin da ya taso daga Katsina yana da 'yan daƙiƙoƙi ya yanke hukunci, kuma ba shi da hanyar tambayar na ƙasa ko su wane ne.

Wannan tsohuwar matsala ce a fagen yaƙi, kuma an daɗe da sanin maganinta. A Yunin 1944, da sojojin ƙawance za su tsallaka Faransa, fenti baƙi da fari suka shafa wa fukafukan jiragensu don kada nasu su harbo su. A yau ƙaramar na'ura ce mai nuna wuri, wadda ba ta fi wayar hannu girma ba, ake maƙala wa mota ko babur, ta riƙa aika alama zuwa allon matuƙi da na kwamanda. Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a ƙarshen Janairun 2024 sun haura 2,600, duk da sunayensu a rajista, gwamnatin jiha ke biyan su. Kuɗin ba kowane rukuninsu irin wannan na'ura da rediyon da ke haɗe da na soja bai kai kuɗin fiffiken jirgi ɗaya ba. Wani zai ce, idan ɓarayi suka kashe askari suka ɗauke na'urar fa? Tambaya ce mai kyau, kuma irinta ce ake biyan injiniya ya amsa: lambar sirri mai canzawa kullum, na'urar da ke mutuwa idan mai ita bai tabbatar da kansa ba, da sauran dabarun da ba a sanin ingancinsu sai an gwada su a daji.

Daga nan sai sadarwar ƙauye. Ƙarfen sabis abu ne tsayayye da ke cin dizal, mai sauƙin ƙonawa, kuma kamfani ba zai sake gina shi inda ba riba ba. Rediyon oba-oba mai caji da hasken rana, da ƙananan tashoshin da ke miƙa wa juna saƙo daga gari zuwa gari, ba sa bukatar kamfanin waya. Idan mai unguwa a Galadi ko Kasuwar Daji ya danna maɓalli, ya kamata a ga sunan garinsa a allo a ɗakin da soja da ɗan sanda da askari ke zaune tare, a rubuta lokacin da saƙon ya shigo da lokacin da aka tashi mota. Wannan rubutun lokaci shi ne zai fi ba wasu tsoro, domin daga ranar da aka fara shi ba wanda zai ƙara cewa ba a sanar da shi ba.

Ƙananan jirage marasa matuƙa masu kyamarar da ke ganin ɗumin jiki cikin duhu su ma sun fi dacewa da wannan yaƙi fiye da manyan da ke jiran izini daga nesa. Kowane sansani a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ya kamata ya iya tada nasa cikin minti biyar ya leƙa bayan tsauni. Irinsu faɗuwa suke yi, su karye, batir ya mutu, ƙura ta shiga injin, saboda haka wanda ba shi da mai gyara a kusa bai sayi komai ba. Akwai kuma motar damina marar nauyi, da taswirar da ke nuna inda ƙasa ke ɗaukar mota a kowane wata, da na'urar gano nakiya, tunda an fara binne ta a hanyar Dansadau a Disambar 2024. A wannan Disambar ne kuma mayaƙan ISWAP suka kai hari sansanin soja a Wajiroko ta jihar Borno da jirage marasa matuƙa ɗauke da bam. Mutanen da suka harbo jirgin Alpha Jet a Yulin 2021 a iyakar Zamfara da Kaduna ba za su daɗe ba su koyi wannan ba.

Wa zai yi aikin? A Ƙaura Namoda akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, da sassan injiniyan lantarki da na injuna da na gine-gine da kimiyyar kwamfuta. Tana zaune a bakin hanyar da ke kai mutum Shinkafi da Zurmi, malamanta da ɗalibanta a cikin wannan fargaba suke kwana suke tashi. Ba wanda ya ce za ta ƙera jirgin yaƙi. Amma za ta iya harhaɗa rediyo, ta gyara ƙaramin jirgi, ta horar da askari da soja yadda ake sarrafa su, ta kuma zama wurin da ake gwada duk abin da Kaduna ta zana kafin a biya kuɗinsa. Kwalejin fasaha ta sojan sama a Kaduna ta yi zane, DICON ta ƙera da yawa, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta kula da wutar rana, Jami'ar Tarayya ta Gusau ta riƙe lissafi da taswira. A bayan waɗannan kuma ga masu gyaran waya da masu walda da makanikan babur, waɗanda ke tada injin da kamfanin da ya yi shi ya ce ya mutu. 'Yan sanda ma kan yi holin maƙeran da aka kama suna ƙera bindiga a ɓoye. Laifi ne, a hukunta su, amma hannun da ya iya wannan aikin ƙasa ce ta yi sakacin ɗaukarsa.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, bai tsaya ga sayen bindigogi daga fataken Tarabulus ba. Ya sa an riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin birnin Zinder, Damagaram ta zama abin shakka ga maƙwabtanta. A ɗaya gefen kuma ga Kwatarkwashi, nan kusa da Gusau, inda a Fabrairun 1903 rundunar Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi ta kai sukuwa kan 'yan sojan Ingila da ba su kai hamsin ba. Bayanan Turawan sun ce mahaya dubu ne da dakaru dubu biyu. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a ranar, Waziri a fagen ya faɗi. Bindiga mai cin harsashi da yawa ce ta raba gardama.

A wannan zamanin Turkiyya ce misalin da ya fi kusa. Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumin makamai a 1975 bayan rikicin Kuburus. A shekarar aka kafa kamfanin ASELSAN, kuma abin da ya fara ƙerawa rediyon soja ne. A 1985 aka kafa asusu na musamman na masana'antar tsaro wanda ba ya mutuwa da ƙarewar kasafin shekara. Kamfanin Baykar, mai jirgin TB2 da Nijar da Mali da Burkina Faso suka saya, da kayan gyaran mota ya fara, jirginsa na farko da soja suka karɓa a 2007 ɗan ƙarami ne da ake cillawa da hannu, masu kamfanin kuma sun yi zaman sansani da sojoji a tsaunukan kudu maso gabashin ƙasar suna gyara abin da ya ƙi aiki. Indiya ta ɓullo da shirin iDEX a 2018, inda rundunoni ke bayyana matsalarsu a fili, ƙananan kamfanoni su yi takarar warware ta, wanda ya ci a ba shi jari da ciniki. Yukiren ta yi makamancinsa, Brave1, a Afrilun 2023, ana tsakiyar yaƙi.

Mai karatu yana da hujja idan ya yi tsaki, domin an sha yi masa romon baka. A 2010 aka ba kamfanin ZTE kwangilar dala miliyan 470 ta kyamarorin tsaro da sadarwar 'yan sanda, akasarinta bashi daga Sin. Turakun suna nan a titunan Abuja, kyamarorin sun zama tarihi. Badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai da ta fashe a 2015 har yau ba a manta ba. Kalmar “sirrin tsaro” ta daɗe tana rufe ɓarna. Shi ya sa duk kuɗin da za a ware wa wannan aiki sai da sharaɗi: ba a biyan ɗan kwangila sai kayansa sun yi damina ɗaya suna aiki a Zurmi, kuma duk wata uku a buga wa jama'a garuruwa nawa ke da rediyo mai aiki, kira nawa ya shigo, minti nawa aka ɗauka kafin a kai ɗauki. Babu sirrin soja a cikin waɗannan alƙaluma.

Gaskiya ne kuma cewa na'ura ba ta sasanta manomi da makiyayi. Ba ta dawo da burtalin da aka nome, ba ta hana alƙali cin hanci, ba ta raba rigimar zinare. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a gwajin da aka yi a 2024, yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi na fama da tamowa, kuma jirgi ba ya maganin wannan sai dai ya buɗe hanyar gona. Amma kayan tantancewa suna da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Na'urar da ke nuna inda askari yake don kada a jefa masa bam, ita ce kuma za ta nuna inda yake ranar da aka kashe Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba a hanyar kasuwa. Kisan gilla irin wannan yana cikin abin da ya hura wutar tun farko, kuma rugar da ba ta da laifi tana da haƙƙin a ba ta rediyon kiran ɗauki kamar kowane ƙauye.

Wani abin lura: Zamfara ba ta rasa wakilci a ma'aikatar tsaro ba. Janar Aliyu Mohammed Gusau ya riƙe ta daga 2014 zuwa 2015. Mansur Ɗan-Ali, mutumin Birnin Magaji, maƙwabciyar Ƙaura, ya riƙe ta daga 2015 zuwa 2019. An naɗa Matawalle ƙaramin minista a Agustan 2023. An yi farmakin Harbin Kunama, an yi Sharan Daji, an yi Diran Mikiya, an yi Hadarin Daji, an shiga Fansan Yamma. Sunayen farmaki sun yi ta sauyawa, amma filin jirgin saman Gusau ma sai a 2024 aka fara gina shi gadan-gadan.

Bukatar ba ta da yawa. A ware wani kaso sananne na kuɗin sayen makamai, ko da kashi biyu cikin ɗari ne, ya zama na bincike da gwaji, a asusun da ba ya ƙarewa da shekara. A buɗe cibiyar gwaji da gyara a kwalejin Ƙaura Namoda ƙarƙashin dokar DICON ta 2023, da hafsan soja da malamin kwaleji a kan shugabancinta. Kwamandojin da ke Shinkafi da Zurmi, da shugabannin askarawa, da hakimai da ardo-ardo, su ne za su rubuta matsalolin da za a fara da su. Gwamnatin jiha kuma ta sa hannu kan cewa za ta sayi abin da ya ci jarrabawa. Sanatan Zamfara ta Arewa da 'yan majalisar wakilai na mazaɓun Ƙaura Namoda da Birnin Magaji, da Shinkafi da Zurmi, su kai wannan bukata a rubuce gaban kwamitocin tsaro kafin a rufe kasafi mai zuwa, sannan su dawo gida su faɗa wa jama'a amsar da aka ba su.